Jagora: Saita sensar karanshaf da ta kamshaf a kan ECU wadda ba ta kamfanin mota ba

Duk ECU ɗin (wato kwamfutar da ke sarrafa inji) da ka saya ka ɗaura wa inji da kanka, Speeduino ce ko MegaSquirt ko Haltech ko Link, tana zuwa ne ba ta san komai game da injinka ba. Ta kamfani, wadda makanikanmu ke kira birenbos, tun daga masana'anta aka rubuta mata haƙora nawa za ta ƙirga a faifan karanshaf da inda fistin yake idan ta ga giɓi a cikinsu. Wannan kuwa kai ne za ka gaya mata. Ba ta ganin fistin, ba ta ganin bawul. Abin da ke isowa gare ta kawai shi ne bugun lantarki daga sensa duk lokacin da haƙorin ƙarfe ya gifta, kuma a kan wannan bugun take gina lokacin wutar fulogi da lokacin fesa mai. Idan lissafin ya kauce da digiri goma, duk teburin taimin da za ka rubuta daga baya ya kauce da digiri goma, laftof kuma ba za ta nuna maka ba.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda zai yi wannan aiki: kada ɗigon mai ya shiga silinda sai fitilar taimin ta yarda da abin da laftof ke faɗa. Zan yi misali da inji mai silinda huɗu da manhajar TunerStudio, domin ita ce ake saita Speeduino da MegaSquirt da ita, kuma su ne masu sauƙin kuɗi. MegaSquirt ta Bruce Bowling da Al Grippo ce a Amurka, Speeduino kuma Josh Stewart ne ya fara ta a Ostareliya a kan allon Arduino Mega 2560. Sunayen gurabe suna bambanta a sauran ECU, amma aikin ɗaya ne.

Ka tanadi mita mai auna volt da om, fila geji, fitilar taimin, alli ko farin fenti, batir mai cikakken caji, da mutum ɗaya da zai riƙa murza maka makulli. Idan akwai osiloskof, madalla. Idan babu, manhajar tana da abin kallon sigina da zai wadatar.

Fara da ƙirga haƙora da idonka

Faifan da sensar karanshaf ke karantawa yana iya kasancewa a bayan fuli, ko a cikin murfin taimin, ko a jikin fulawil. Sunansa lissafi ne. 36-1 na nufin an raba da'ira gida 36 aka cire haƙori ɗaya, saura 35, tsakanin kowane haƙori da na kusa da shi digiri 10. 60-2 na nufin gida 60 an cire biyu, saura 58, kowanne digiri 6. Giɓin nan shi ne alamar da ECU ke gane farkon zagaye da ita.

Ford ce ta shahara da 36-1, musamman injin Zetec. Bosch ta yaɗa 60-2, shi ya sa za ka same shi a BMW da Volkswagen da yawa, da kuma fulawil ɗin Peugeot 406 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna. Injinan Toyota masu VVT-i (tsarin VVT mai gusar da lokacin buɗe bawul), irin 1ZZ na Corolla da 2AZ na Camry, suna da 36-2, haƙora 34. Wasu injinan Subaru na da 36-2-2-2, giɓi uku ke nan. Tsofaffin Nissan irin SR20 suna da faifai mai ƙananan tsagogi 360 da haske ke karantawa. Golf 3 mai 1.8, irin wadda ake haya da ita, ba ta da faifan karanshaf sam, sensa ce a cikin distiribita mai taga huɗu.

Duk da haka kada ka dogara da sunan mota. Injin da aka sayo a Kofar Ruwa ko Panteka yana iya zuwa da fulawil ɗin wata shekara ko na wata ƙasa, ko kuma wani ya taɓa canja shi. Cire sensar, leƙa ta ramin da fitila, sa wa haƙori ɗaya fenti, ka juya inji da sifana a hankali kana ƙirgawa har fentin ya dawo. A nan kuma za ka ga haƙorin da ya lanƙwashe ko ya gutsure, wanda shi kaɗai ya isa ya hana inji tashi.

Idan tsohon inji ne mai kabireta kake mayarwa mai injekta, irin na 504, kai za ka ɗaura faifan. Zaɓi 36-1. Yana da sauƙin karantawa lokacin kik, kuma kowace ECU ta san shi. Ka kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya zaunar da shi a tsakiyar fuli daidai kafin a taɓa walda. Ka sa giɓin ya riƙa gifta sensa wajen digiri 90 kafin fistin ya kai ƙololuwa, wato ƙarshen hawansa a silinda, kamar yadda Ford ta yi wa injinanta masu silinda huɗu. Dalili shi ne dab da ƙololuwa matsi yana rage wa karanshaf gudu, haƙora su riƙa jinkiri, ECU ta kasa bambance jinkirin da giɓi na gaske.

Wace irin sensa ce a hannunka?

Iri biyu ne za ka fi haɗuwa da su, kuma rikita su shi ne kuskuren da ya fi yawa.

Ta farko ita ce VR. Maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar waya. Ba a ba ta wuta, ita ke haifar da tata idan ƙarfe ya gifta. Siginarta tana hawa sama da sifili tana sauka ƙasa da shi, ƙarfinta kuma yana bin gudun inji: lokacin kik tana iya gaza volt ɗaya, a babban gudu ta kai gomman volt. Yawanci waya biyu gare ta. Wani lokaci za ka ga uku, ta ukun ragar kariya ce kawai, don haka yawan waya ba hujja ba ne. Sa mita a om ka gwada ƙafafun biyu-biyu. Idan ka sami biyu da ke ba da lamba tsayayya, daga ɗaruruwan om zuwa dubu ɗaya ko biyu, kuma lambar ba ta canja ba da ka juya tsinken mitar, VR ce.

Sai ka gano wace waya ce fozitif. Mayar da mita kan ƙaramin volt na DC, ɗora tsinken biyu a kan wayoyin, ka kawo kan sifana da sauri ya manne da bakin sensar. Idan lambar ta yi tsalle zuwa fozitif lokacin mannewa, ta koma nagetif lokacin da ka fizge, to wayar da jan tsinke ke kai ita ce fozitif. Sa mata alama da tef nan take.

Ta biyu ita ce Hall. Waya uku: wuta, girawun, da sigina. Wasu na cin volt 5, wasu 12, kuma sai ka tabbatar daga zanen wayar motar kafin ka ba ta wuta, domin volt 12 na iya ƙona mai cin 5. Siginarta kashe-kunna ce zalla, ƙarfinta bai damu da gudu ba. Mafi yawansu ba sa fitar da wuta da kansu, suna jawo layin zuwa girawun ne kawai, saboda haka dole a sa rizista tsakanin wayar sigina da volt 5. Mai om 1,000 ta kan wadatar. ECU da yawa suna da ita a ciki, a manhaja ake kunna ta ko da ɗan abin haɗi a kan allo. Gwajinta mai sauƙi ne: ba ta wuta, ɗora mita a wayar sigina, juya inji da hannu. Lambar za ta riƙa sauyawa tsakanin kusan sifili da kusan 5.

Ƙwaƙwalwar ECU ba ta karɓar siginar VR kai tsaye. Akwai ɗan guntun da ke mayar da ita kashe-kunna, wanda aka fi sani shi ne MAX9926, sai tsohon LM1815. A manyan ECU yana ciki, zaɓa kawai za ka yi. A allunan Speeduino da yawa kuwa daban ake sayen sa a soka, sannan a mayar da abin haɗin allon zuwa VR. Wanda ya manta wannan zai yi ta kik bai ga ko juyi ɗaya a laftof ba.

Waya da tazara

Siginar VR lokacin kik ƙarama ce ƙwarai, a gefenta kuma ga kik yana zuƙar ɗaruruwan amfiya, ga kwayil yana harba dubban volt. Don haka wayar sensa ba wayar da aka ga dama ba ce. Ka samo mai ƙwaya biyu a murɗe da juna, da ragar ƙarfe a jikinta. Ragar a haɗa ta da girawun a ɓangaren ECU kaɗai, ɓangaren sensa a yanke ta a rufe. Idan ka haɗa ta ta kai biyu, wutar kik za ta bi ta cikinta, abin da aka sa don kariya ya zama shi ke kawo hayaniya. Wayoyin sensar duka su tafi har ECU, kada rewaya ya ɗaure nagetif ɗin a jikin inji don rage tsawon waya. Ka nisanta ta da wayoyin fulogi da kwayil da altaneta da babbar wayar kik. Inda dole su haɗu, su gicciye juna, kada su tafi a jere.

Duba babbar wayar girawun da ke tsakanin inji da batir, ka kankare tsatsa da fenti a mazauninta. Fulogai su zama masu rizista a ciki. A na NGK harafin R ne ke nunawa, kamar BKR6E.

Tazarar bakin sensa da kan haƙori, idan ba ka da lambar kamfani, fara da kusan milimita 0.8 zuwa 1. Auna da fila geji a wurare huɗu na faifan. Idan wani ɓangare ya ba ka 0.6 wani 1.3, faifan bai zauna a tsakiya ba, siginar za ta riƙa kumbura tana sacewa a kowane zagaye, kuma babu saitin manhaja da zai gyara wannan. Mariƙin sensa ya zama ƙarfe mai kauri, gajere, a ɗaure a jikin inji da ƙusa biyu. Kama shi ka girgiza. In ya motsa a hannunka, zai fi haka motsi a juyi 4,000.

Kalli siginar kafin komai

Zare soket ɗin injektoci da na kwayil, cire fiyus ɗin famfon mai. Idan ka kwance fulogai ma ya fi, inji zai juya sumul. A manhaja zaɓi tsarin Missing Tooth a Speeduino, ko Toothed Wheel a MegaSquirt, ka rubuta yawan haƙora har da waɗanda aka cire: 36 da 1, ko 60 da 2, ko 36 da 2. Mutane kan rubuta 35 saboda shi suka ƙirga, ba haka ake so ba. Ka nuna cewa faifan yana juyi da gudun karanshaf. Sensar kamshaf a bar ta a kashe tukuna.

Yi kik. Ya kamata ka ga juyi tsakanin 150 da 300 a minti, a tsaye, ba yana tsalle daga sifili zuwa dubu ba. Sai ka buɗe Tooth Logger. Abin da yake zanawa sanduna ne a jere, tsawon kowace sanda shi ne lokacin da ya wuce tsakanin haƙori da haƙori. A faifan 36-1 mai lafiya za ka ga gajeru 34 kusan kai ɗaya, sai doguwa ɗaya da ta ninka su biyu. A 60-2, gajeru 57 da doguwa mai ninki uku. A 36-2, gajeru 33 da mai ninki uku. Idan fulogai na ciki, gajerun za su riƙa hawa da sauka a hankali saboda matsi, wannan ba matsala ba ce.

Ka daɗe a kan wannan hoton, domin kusan kowace cuta tana bayyana a cikinsa. Idan maimakon doguwa ɗaya ka ga biyu a jere masu matsakaicin tsawo, wayoyin VR sun juye, ko ka zaɓi gefen sigina da ba shi ba. Ga abin da ke faruwa: idan tsakiyar haƙori ya zo daidai bakin sensa, siginar tana tsallake sifili da kaifi, kuma wannan wurin ba ya gusawa komai gudun inji. Shi ake so ECU ta kama. Ɗaya tsallakewar tana faruwa ne a tsakanin haƙora, a cikin giɓi kuma tana jan jiki a hankali ta faɗo a tsakiyarsa, ta raba shi biyu. Speeduino tana gane giɓin haƙori ɗaya ne idan lokacin ya haura ninki ɗaya da rabi na wanda ya gabata, to rabin giɓi yana kan iyakar nan, wani zagaye ta gane wani ta rasa. Kowane guntun VR yana da gefe ɗaya tak da ya dace da shi, Rising (hawan sigina) ko Falling (saukarta), kuma takardar allonka za ta faɗa. Sa wannan, in hoton bai gyaru ba ka musanya wayoyin biyu. Kada ka canja waya da gefe a lokaci guda, za ka koma inda ka fito.

Idan ka ga 'yar guntuwar sanda ta kutso tsakanin sauran, hayaniyar lantarki ce ta shigo kamar haƙori. Idan dogaye sun fi ɗaya a zagaye, sensar tana tsallake haƙora: tazara ta yi yawa, ko batir ya yi sanyi. A ECU irin Link akwai teburin ƙaramin volt da sigina za ta haura kafin a yarda da ita, ana sa shi ƙasa a gudun kik, a riƙa ɗaga shi yadda gudu ke ƙaruwa. A sensar Hall kowane gefe kan yi aiki, sai dai canja gefe yana gusar da taimin da faɗin haƙori, don haka ka zaɓa tun yanzu ka tsaya a kai.

Gaya wa ECU inda ƙololuwa take

Yanzu ECU ta san farkon zagaye, amma ba ta san nisan da ke tsakaninsa da ƙololuwar fistin na ɗaya ba. Wannan lamba guda ita ce zuciyar aikin.

Da farko tabbatar da alamar da ke kan fuli. Fulin da ke da roba a tsakiya, idan ya tsufa, zoben waje yana zamewa ya tafi da alamar. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ta tokare fistin. Fasa tsohon fulogi, ka sa ƙusa mai santsin kai a cikinsa yadda za ta leƙa cikin silinda, ka ɗaura a silinda ta ɗaya lokacin da fistin yake ƙasa. Cire kan batir. Juya inji da hannu a hankali har fistin ya taɓa ƙusar, yi alama a fuli daidai da tsinken nuni. Juya baya har ya sake taɓawa, yi alama ta biyu. Tsakiyar alamun biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. Yi a hankali ƙwarai, in ka ji turjiya tun kafin lokaci ka dakata, kada ƙusar ta haɗu da bawul. Daga nan auna kewayen fulin da tef, raba shi 36, abin da ya fita shi ne tsawon digiri 10. Yi alama ta daban a digiri 10 kafin ƙololuwa.

Cire abin tokarewar, ka tsayar da inji a ƙololuwa. Haƙori na ɗaya shi ne wanda ke fara gifta sensa bayan giɓi ya wuce, idan inji na juyawa yadda ya saba. Nemo shi, ka ƙirga daga kansa zuwa haƙorin da ke fuskantar sensa yanzu. Tazara ake ƙirgawa, ba haƙora ba. A Zetec sensar tana kan haƙori na 9, tazara 8 ke nan, sau digiri 10, ya ba da 80. Ma'ana haƙori na ɗaya yana gifta sensa digiri 80 kafin ƙololuwa. A BMW M50 tana kan na 15, tazara 14 sau 6, ya ba da 84.

A nan ka kula sosai, domin ECU biyun suna tambayar abu ɗaya ta fuska biyu. MegaSquirt tana son digirin kafin ƙololuwa, sai ka rubuta 80 a gurbin Tooth #1 Angle. Speeduino tana son digirin bayan ƙololuwa, sai ka ɗebe daga 360: gurbin Trigger Angle zai karɓi 280, na BMW kuma 276. Wanda ya kwafi lambar wani daga intanet ba tare da sanin wace ECU aka rubuta wa ita ba, wutarsa za ta faɗa nesa da inda ake so, inji ya riƙa harbi ta salansa ko ya tokare kik.

Fitila ce alƙali

Kafin ka mayar da soket ɗin kwayil, duba saitin fitar wuta. A nan ma sunayen sun saɓa: saitin da ya dace da mafi yawan kwayil ana kiransa Going Low a Speeduino, a MegaSquirt kuma Going High. Idan ka juya shi, kwayil zai zauna da wuta a jikinsa har ya ƙone. Bayan ka haɗa, buɗe makulli ba tare da kik ba, ka ɗora hannu a kan kwayil na ɗan lokaci. In ya fara ɗumi, kashe nan take.

Mayar da fulogai, mai yana nan a kashe. Kulle taimin a digiri 10 a manhaja, ka sa na lokacin kik ma 10, domin gurbinsa daban ne. Maƙala fitila a wayar fulogi na ɗaya. Idan kwayil ɗin na kan fulogi ne, sa guntuwar wayar fulogi a tsakaninsu ka maƙala a jikinta. Fitila mai maɓallin ƙara digiri a bar ta a sifili, domin idan fulogi na harbi sau ɗaya a kowane zagaye lissafinta yana rikicewa. A yi kik, ka haska.

Alamar digiri 10 ya kamata ta tsaya daidai tsinke. Idan fitila ta nuna 14, wuta ta yi gaba da digiri 4: a MegaSquirt ƙara 4, 80 ta zama 84, a Speeduino rage 4, 280 ta zama 276. Idan ta nuna 6, akasin haka. Wasu gurabe sai an kashe makulli an kunna kafin canjin ya kama. Kada ka gyara bambancin a teburin taimin, a wannan gurbin kaɗai ake gyara shi.

Sai yanzu a mayar da fiyus da injektoci a tayar da inji. A silo sake haskawa ka daidaita sosai, domin gudun kik ba ya tsayawa wuri ɗaya. Sannan, taimin na nan a kulle, a taka totur a hankali zuwa juyi 3,000 ko 4,000 kana kallon alamar. Wannan gwajin ne mutane ke tsallakewa, kuma shi ne ya fi tsare fistin. Alamar ta tsaya cik, ko ta gusa da abin da bai wuce digiri ɗaya ba. Idan tana ja baya kaɗan-kaɗan daidai da ƙaruwar gudu, jinkirin kayan lantarki ne. A juyi 3,000 digiri ɗaya yana ɗaukar kusan maikurosakan 56, a 6,000 kusan 28, kuma MegaSquirt na da gurbin Spark Hardware Latency don cike wannan. Idan kuwa ta gudu da digiri da yawa, ko tana rawa, koma kan wayoyin VR da gefen sigina da saitin fitar wuta.

Sensar kamshaf

Inji mai bugu huɗu yana kammala aikinsa ne a zagaye biyu, digiri 720. Faifan karanshaf ba zai iya bambance ƙololuwar matsi da ta fitar hayaƙi ba. Ba tare da kamshaf ba, ECU tana harba fulogai biyu tare, 1 da 4, sannan 2 da 3, kuma inji yana tafiya lafiya a haka. Ina ba da shawarar a bar shi a wannan tsarin har sai komai ya zauna. Kana buƙatar kamshaf ne idan kana son kowane kwayil da kowace injekta su yi aiki ɗaya-ɗaya bisa jerin 1-3-4-2, ko za ka sarrafa VVT.

Gane irinta da haɗa wayarta daidai yake da na karanshaf. Bayan ka kunna ta, buɗe Composite Logger, za ka ga siginonin biyu a kan layi ɗaya. Mafi sauƙi shi ne haƙori ɗaya a kamshaf, bugu ɗaya a kowane zagaye biyu. Gefen da ka zaɓa kada ya faɗo a cikin giɓi ko dab da haƙori na ɗaya, ya zo da 'yan haƙora kafin giɓin. Sarƙa ko bel na taimin suna da ɗan wasa, idan gefen na kan iyaka zai riƙa faɗawa wannan zagaye yau, wancan gobe. A inji mai VVT kamshaf yana gusawa da kusan digiri 40 ko fiye, sai ka tabbatar gefen bai tsallaka giɓi ba a duk iyakar gusawar. Kamshaf mai haƙora da yawa kuwa sai ECU tana da tsarinsa a jerinta.

Idan inji yana tashi da harbin biyu-biyu amma ya ƙi da ka koma ɗaya-ɗaya, ka faɗa zagayen da ba shi ba. A MegaSquirt ƙara 360, 80 ta zama 440. A Speeduino ɗebe 360, 280 ta zama -80. Sake haskawa da fitila bayan haka.

Idan lissafi yana ɓacewa a hanya

Sa ma'aunin Sync Loss, mai ƙirga sau nawa ECU ta rasa lissafin haƙora, a fuskar laftof, ka kunna naɗar bayanai, a fita da mota. Lambar ta zauna ba ta ƙaruwa. Idan tana ƙaruwa, lokacin da take ƙaruwa shi zai nuna maka wurin. A kik kaɗai: batir, girawun, ko tazara. A wani gudu guda kullum, misali duk lokacin da aka kai 4,500: mariƙi na karkarwa, ko faifai bai zauna daidai ba, ko siginar VR ta yi ƙarfi da yawa, wanda akan magance da ƙara tazara kaɗan ko sa rizista mai om 10,000 tsakanin wayoyin biyu. Lokacin da aka taka mota da nauyi: hayaniyar kwayil, duba fulogai da hanyar waya. Bayan inji ya yi zafi, ya mutu, ya huce ya tashi: siririyar wayar cikin sensa ce ke rabuwa da zafi, auna om ɗinta tana da zafi. Ka kuma ciro ta ka goge bakinta, maganaɗisu yana tara garin ƙarfe.

Filtar manhaja ita ce ta ƙarshe da za ka taɓa, kuma daga mafi rauni. Faifan 60-2 a juyi 6,000 yana aiko haƙori kowane maikurosakan 167, filta mai ƙarfi za ta fara zubar da haƙoran gaske, inji ya riƙa yankewa a sama alhali a silo lafiya lau.

Da ka yi tafiya mai nisa, da sanyi da zafi, lambar ba ta motsa ba, cire kullin taimin ka mayar da ECU kan teburinta, domin mota a kulle a digiri 10 ba ta da ƙarfi kuma salansa na yin zafi fiye da kima. Adana fayil ɗin da kwanan wata, ka rubuta irin faifai da irin sensa da gefe da tazara da lambar kusurwa a takarda ka ajiye a motar. Duk ranar da aka kwance sensa, ko mariƙinta, ko fuli, ko fulawil, a sake kulle taimin a haska da fitila kafin a fita da ita.